Zaren da Ka Ba Inji

Ranar Talata na ɗauko shi daga Kakuri,
leda a cinyarsa, ya rungume ta kamar kuɗin adashe.
Sau biyu ke nan yana faɗuwa a makewayi,
sau biyu yana cewa santsin siminti ne.

A Tudun Wada muka juye ledar
kan teburin Rifkatu mai ba da magani.
Iri goma sha ɗaya.
Na hawan jini, na suga, na gwiwa,
ɗan farin nan na barci da aka rubuta masa bara,
wani rawaya da ya saya a kemis don ƙaiƙayi,
wani kuma duk cikinmu ba mai tuna dalilinsa.
Kowane likita ya ba da nasa ya sallame shi,
ba wanda ya taɓa ganin ledar gaba ɗaya.

Rifkatu ta jawo kwamfuta.
Shekara nawa, Baba Jatau?
Saba'in da takwas, in ji shi, ban da na goyo.
Nauyinsa, gwajin ƙodarsa,
sau nawa fitsari ke tashinsa da dare.
Tana bugawa, manhaja tana awo,
tana gwama wannan da wancan
kamar mai binciken dangantaka kafin a raba gado.

Layi uku suka yi ja.
Ta ce, waɗannan biyun ba sa ga-maciji,
in suka haɗu a jikin tsoho jiri suke haifa.
Na gwiwar kuma yana cin ƙoda cin gara.
Abin da jikin ɗan arba'in ke wankewa kafin asuba,
naka yana yini da shi har la'asar.

Na ɗauka zai yi gardama,
mutumin da har yau bai yarda da agogon waya ba.
Sai ya ja kujera, ya ƙura wa allon ido.
Shekara ashirin da shida ya yi a gaban injin saƙa
kafin a rufe masaƙar, ciyawa ta gaje harabar.
Ya ce, yarinya, inji ba ya ƙarya,
amma zaren da ka ba shi, shi yake saƙawa.
Ka ɓoye masa ƙulli, atamfa ta tona ka.

Ya sa hannu a aljihu.
Ƙunshin sassaƙe daga Kasuwar Barci.
Ya sake sa hannu, wannan karon ya daɗe.
Kwalba ce mai sunan Inna Ladingo,
shekara biyu da rasuwarta.
Rabin ƙwaya yake sha
duk daren da gadon ya yi masa faɗi.
Ni da nake share ɗakin kullum ban sani ba.

Kwalbar ta shiga lissafi, layi na huɗu ya yi ja.
Sassaƙen kuwa manhajar ba ta san shi ba,
ba ta da marke, ba ta da maɗaci.
Rifkatu ta sansana, ta rubuta da biro a gefen kati.
Na leƙa allon ina neman gurbin da ake sa kewa,
ban gani ba.

Ta kira likita, suka daɗe suna magana.
Na barcin ba a yanke shi da wuƙa ba,
sannu-sannu za a janye, kamar yaye.
Sha ɗaya suka koma bakwai.
Ƙwayoyin Inna ta zube su a wani kwali,
ta ɗan yi jim,
ta miƙa masa kwalbar ba komai ciki.

A kan gada kogin ya cika, ja wur da ruwan Agusta.
Ledar ta yi shafal, iska na neman ƙwace ta.

Sati biyar ke nan.
Yana zuwa masallaci bai dafa bango ba.
Barcin dai bai gama dawowa ba,
ina jin rediyonsa ƙasa-ƙasa har ƙarfe biyu,
kwalbar tana kan taga,
ya zuba mata allura da zare.